Bijimi mai kusan girman ƙwayar jini: yadda ake gini da hasken leza, da wahalar auna abin da aka gina

A watan Agustan 2001 mujallar kimiyya ta Nature ta fito da hoton wani bijimi, ga ƙaho, ga wutsiya, ga ƙafafu huɗu cif. Tsawonsa maikromita 10, tsayinsa 7. Maikromita ɗaya shi ne abin da za a samu idan aka raba milimita ɗaya gida dubu. Jar ƙwayar jinin mutum takan kai maikromita 7 zuwa 8, silin gashin kai kuwa kaurinsa tsakanin 50 ne da 100, don haka za a iya jera bijimai biyar zuwa goma, kai da wutsiya, kafin su ratsa faɗin gashi guda. Masu binciken Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan ne suka ƙera shi, ƙarƙashin Satoshi Kawata tare da Hong-Bo Sun da abokan aikinsu. Babu wuƙa a aikin, babu gizago. Ɗigon ruwan roba suka samu, suka zagaya da hasken leza a cikinsa, duk inda hasken ya tsaya sai ruwan ya daskare.

Hoton ya zagaya duniya, kuma tun daga lokacin jaridu sun saba da irinsa: ƙaramar mota, ƙaramin jirgi, ƙaramar hasumiya. Sai dai waɗanda ke cikin sana'ar sun san ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙera abin da ido ba ya gani ya zama ruwan dare a ɗakunan bincike. Abin da ke hana su barci shi ne tabbatar da cewa abin da ya fito daidai yake da abin da aka zana a kwamfuta, ciki da waje, ba tare da an farfasa shi ba.

Lissafin da ya jira shekara talatin

Duk wanda likitan haƙori ya taɓa yi wa ciko ya ga tushen wannan fasaha da idonsa. Likita zai cusa wani abu mai laushi a ramin haƙori, ya haska masa shuɗin haske na ɗan lokaci, sai ya taurare. A cikin abin akwai ƙananan ƙwayoyin sinadari da ke zaune daban-daban, da kuma wani sinadari kaɗan wanda aikinsa kunna wutar haɗuwa. Da haske ya taɓa makunnin, sai ƙwayoyin su shiga kama hannun juna, su zama dogayen sarƙoƙi masu harɗewa. Ruwa ya koma tsayayyen abu ke nan.

Matsalar wannan hanya ita ce haske ba ya zaɓe. Tun daga inda ya shiga ruwan har inda ya fita, duk abin da ya ratsa yana daskarewa. Wanda yake son ya daskarar da ɗigo ɗaya tak a tsakiyar ruwa, ya bar samansa da ƙasansa yadda suke, sai ya nemi wata dabara.

Dabarar ta fito ne daga takardar digirin wata ɗaliba. A 1931 aka buga binciken digirin digirgir na Maria Goeppert-Mayer na Jami'ar Göttingen a Jamus, inda ta nuna ta hanyar lissafi cewa sinadari zai iya haɗiye ƙwayoyin haske biyu a lokaci guda, ya haɗa ƙarfinsu kamar ƙwaya ɗaya mai ninkin ƙarfi ya haɗiya. A zamaninta babu fitilar da haskenta ya kai kaurin da za a gwada zancen. Sai da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka a 1960, shekara guda bayan haka kuma Kaiser da Garrett na ɗakin binciken Bell suka ga abin da ta faɗa a zahiri. Ita kuwa ta riga ta koma wani fanni, kuma kyautar Nobel da ta samu a 1963 ta binciken tsarin cibiyar ƙwayar zarra ce, ba ta wannan ba. Amma har yau ma'aunin da ake auna ƙarfin sinadari wajen haɗiyar ƙwayoyin haske biyu da haruffan sunanta ake kiransa, GM.

Ga inda amfanin yake. Kafin ƙwayoyin haske biyu su faɗa wa sinadari ɗaya a lokaci ɗaya, dole haske ya yi cunkoso ƙwarai. Idan ƙarfinsa ya ragu da rabi, aikin ba da rabi yake raguwa ba, komawa yake kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, aikin ya koma ɗaya cikin ɗari. Yaron da ya taɓa riƙe gilashin tabarau a rana yana ƙona takarda ya san yadda abin yake: hasken na ratsa iska ba ya ƙona komai, sai a ɗan ɗigon nan da ya tattaru. Haka leza ke ratsa ruwan roba. Ana amfani da haske mai tsawon zango kusan nanomita 780 zuwa 800 (nanomita dubu ne ke yin maikromita ɗaya), wanda ya ɗan gota ja, ruwan kuma ba ya haɗiyarsa ƙwaya ɗaya-ɗaya, sai ya wuce salin-alin. A wurin da tabaran na'ura ya matse shi ne kaɗai ruwan ke daskarewa.

Masu nazarin halittu na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan. A 1990 Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb na Jami'ar Cornell suka yi amfani da shi wajen leƙa cikin ƙwayoyin halitta masu rai. Shekara bakwai bayan haka, a 1997, Shoji Maruo da Osamu Nakamura da Kawata suka juya dabarar daga kallo zuwa gini.

A cikin ɗaki mai rawayar fitila

Ɗakin da ake wannan aiki fitilunsa rawaya ne, domin farin haske yana ɗauke da shuɗin da zai lalata ruwan tun kafin a fara. Na'urar tana zaune kan tebur mai nauyi da iska ke tallafe da shi, saboda takun mai wucewa a baranda ya isa ya karkatar da layi. Ma'aikaci zai goge ɗan faifan gilashi, ya ɗiga masa ruwan roba mai danƙo, ya sa a na'ura. A tsarin da ya fi yaɗuwa yanzu, bakin tabaran ma cikin ɗigon ake tsoma shi. Daga nan ƙananan madubai biyu su shiga kaɗawa da sauri suna zagayawa da ɗigon haske, layi bayan layi, hawa bisa hawa.

Lezar ba ci take yi kamar fitila ba, ƙiftawa take yi. Kowace ƙiftawa tana ɗaukar kimanin femtosakan 100, lokacin da haske da duk saurinsa bai wuce tafiyar maikromita 30 ba, bai ma ratsa gashi guda ba. Tana yin haka sau miliyan 80 a daƙiƙa. Tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa akwai hutu da ya ninka ƙiftawar fiye da sau dubu ɗari, shi ya sa leza mai matsakaicin ƙarfin miliwat 20 kacal takan kai kilowat biyu da wani abu a daidai lokacin da ta ƙifta. Ƙarfin ya isa ya kunna sinadari, hutun kuma yana rage taruwar zafi. Idan ma'aikaci ya zarce da ƙarfi, ruwan tafasa yake yi, ƙananan kumfa su fashe su tarwatsa aikin awanni.

Tun 1873 Ernst Abbe na garin Jena ya nuna cewa tabarau ba zai iya matse haske ƙasa da kusan rabin tsawon zangonsa ba. To yaya aka yi masu bijimi suka ba da rahoton kaifin da ya kai nanomita 120 da haske mai zango kusan 800? Amsar tana cikin ruwan. Iskar oksijin da ke narke a cikinsa tana kashe haɗuwar sarƙoƙi muddin ba ta yi ƙarfi ba, don haka akwai mizanin da sai haske ya haura shi kafin wani abu ya tsaya. Idan aka daidaita ƙarfin leza dab da mizanin, tsakiyar ɗigon ce kawai za ta haura. Ba a karya dokar Abbe ba, an dai ratse ta gefenta. Ɗigon da ke fitowa kuma ba ƙwallo ba ne, dogo ne ta wajen da haske ya fito, tsayinsa yakan ninka faɗinsa sau biyu da rabi zuwa uku, kuma wannan tsawo yana bin duk abin da aka gina da shi.

Bayan an gama rubutu sai wanki. Ana tsoma faifan a sinadarin da ke narkar da ruwan da bai daskare ba, sannan a ɗauraye da wani nau'in barasa na ɗakin gwaji. A nan ne ayyuka da yawa ke mutuwa. Yayin da barasar ke bushewa tsakanin siraran ginshiƙai, fatar ruwan tana janyo su zuwa ga juna, sai a duba a tarar duk sun rungume juna sun kwanta. Maganinsa shi ne a musanya barasar da ruwan iskar kabon a cikin tukunya mai matsi, a ɗaga zafi ya haura digiri 31, matsi ya haura ninki 73 na matsin iskar duniya. A wannan hali babu bambanci tsakanin ruwa da tururi, babu fatar da za ta ja komai, sai a saki iskar a hankali.

Daga abin kallo zuwa kayan aiki

A 2007 wasu masu bincike daga rukunin Martin Wegener a Karlsruhe ta Jamus suka kafa kamfanin Nanoscribe, suka mayar da tarkacen ɗakin gwaji na'ura guda da jami'a za ta saya ta kunna. A 2012 Jami'ar Fasaha ta Vienna a Ostiriya ta buga motar tsere mai tsawon maikromita 285 cikin minti huɗu. A Zurich ta Siwizalan, rukunin Bradley Nelson ya ƙera ƙananan murɗaɗɗun abubuwa, ya shafe su da ƙarfen nikel, yana tuƙa su cikin ruwa da maganaɗisu. A Karlsruhe kuma rukunin Martin Bastmeyer ya gina ƙananan ginshiƙai da siraran sanduna tsakaninsu, ya ɗora ƙwayoyin tsokar zuciya, ya auna ƙarfin bugunsu daga yadda sandunan ke lanƙwashewa.

A ganina, inda kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu shi ne wajen tabarau. A 2016 Timo Gissibl da Simon Thiele da Alois Herkommer da Harald Giessen na Jami'ar Stuttgart suka buga idon kyamara mai tabarau biyu da mai uku a jere, faɗinsa kusan maikromita 100, kai tsaye a bakin zaren gilashin da ke ɗaukar haske. Zai wuce ta cikin allurar likita. A 2020, tare da masu bincike na Jami'ar Adelaide a Ostareliya, an yi na'urar leƙa cikin jijiyar jini da kaurinta, har da rigarta, bai kai rabin milimita ba. Rukunin Christian Koos kuma, tun 2012, yake rubuta siraran gadoji na roba da ke ɗaukar haske daga wani guntun lantarki zuwa wani, abin da masu cibiyoyin adana bayanai ke buƙata.

A nan ne hoto mai kyau ya daina isa. Bijimi idan ƙahonsa ya gajarce da nanomita 200 babu wanda zai lura. Tabarau idan bayansa ya kauce da nanomita 200, hoton da zai bayar dishi-dishi ne.

Abin da hoto ba ya faɗa

Kusan duk hotunan nan masu ban sha'awa da maikroskof mai aiki da ilaktiron ake ɗaukarsu. Kafin a ɗauka sai an shafe abin da siririn zinariya, an sa shi a ɗakin da aka zuƙe iskarsa. Tabaran da aka shafa wa zinariya ya tashi daga aiki. Hoton kuma fatar waje kaɗai yake nunawa. Mai son ganin ciki sai ya yanka abin da wata na'ura mai harbin ƙwayoyin ƙarfe, ya leƙa yankan. Zai san yadda wannan ɗin yake, amma wanda zai sayar wani ne daban.

Akwai kuma abubuwa biyu da ko an yanka ba a gani. Na farko ƙanƙancewa: idan sarƙoƙi suka haɗu suna matsowa kusa da juna, abin ya ragu, kuma ba daidai yake raguwa ba, domin gindinsa na manne da gilashi ba ya motsi, samansa kuwa a sake yake. Na biyu, ba duka ƙwayoyin ne ke shiga sarƙa ba. Wurin da ya sha haske sosai ya fi nuna, wurin da haske ya ratsa da gaggawa ɗanye-ɗanye yake, kuma nunar ce ke yanke ƙarfin abin da yadda yake lanƙwasa haske.

Wannan lanƙwasawa tsohon zance ne. Wajen shekarar 984 Ibn Sahl ya rubuta littafi a Bagadaza kan madubai da gilasai masu ƙonawa, inda ya fito da ƙa'idar yadda haske ke karyewa idan ya shiga gilashi, ya kuma yi amfani da ita wajen zana tabaran da zai tara haske a ɗigo ɗaya. Sassaƙa irin wannan siffa a gilashi aiki ne mai wuya da tsada har a zamaninmu, amma ga leza duk siffa ɗaya ce. Sai dai lissafin yana buƙatar lamba guda, ma'aunin lanƙwasa haske na abin da aka yi tabaran da shi. A gilashi lambar a tsaye take. A robar da leza ta daskarar tana yawo kusa da 1.5, tana hawa tana sauka gwargwadon hasken da kowane wuri ya sha. Masu binciken Stuttgart sai da suka zauna suka auna ta ga kowane irin ruwa da kowane launin haske kafin zanensu ya fara dacewa da abin da ke fitowa.

Saboda haka aka koma ga haske, tunda shi yana shiga ya fita bai ɓata komai ba. Don auna bayan tabarau ana raba farin haske biyu, rabi ya tafi ga madubi, rabi ga abin da ake aunawa, su dawo su haɗu. Zanen duhu da haske da haɗuwarsu ke bayarwa yana nuna tudu da kwari har na 'yan nanomitoci. Sai a ɗora taswirar kan zanen kwamfuta, a ga inda ya gaza, a ƙara wa zanen daidai abin da ya ɓace, a sake bugawa. Ana iya maimaita haka sau biyu ko uku. Ma'ana, da gangan ake bai wa na'ura zane karkatacce domin ƙanƙancewa ta miƙar da shi. Raunin hanyar shi ne gangare mai tsananin tsayi, inda hasken ke tsallakewa gefe bai dawo cikin na'ura ba, ga shi kuwa ƙananan tabarau da irin wannan gangare suka fi yawa.

Don auna nuna, ana dogara da abin da C. V. Raman ya gano a Kalkata ta Indiya a 1928, wanda ya kai shi ga Nobel a 1930: idan haske ya bugi sinadari, ɗan kaɗan daga cikinsa yana dawowa da launi daban, kuma canjin yana bin irin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Ƙwayar da ba ta shiga sarƙa ba tana da ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon, wanda ke da alamarsa a jadawalin Raman. Tana shiga sarƙa ɗaurin ya buɗe, alamar ta ragu. Ana kwatanta ta da wata alama maƙwabciyarta wadda ba ta canzawa, ta ɗaurin kabon da oksijin, sai a san kashi nawa ya nuna a kowane ɗigo. Da wannan aka tabbatar cewa abu na iya tsayawa da ƙafafunsa alhali kaso mai yawa na ƙwayoyinsa bai haɗu ba, shi ya sa wasu kan ƙara gasa shi da fitila ko da zafi bayan wanki.

Wani lokaci kuma awon shi ne dukkan labarin. A 2010 Tolga Ergin da Nicolas Stenger da Wegener, tare da John Pendry na Ingila, suka buga a mujallar Science wani gini na siraran sandunan roba da aka jera hawa-hawa, suka ɗora shi kan ɗan ƙullutu mai tsayin kusan maikromita ɗaya a jikin madubin zinariya. An tsara kaurin sandunan yadda hasken da ya dawo zai zama kamar daga shimfiɗaɗɗen madubi ya fito. Jaridu suka yi ta kiransa layar zana. Gaskiyar magana ƙullutu ɗaya ya ɓoye, ga hasken da ido ba ya gani, mai zango tsakanin maikromita 1.4 da 2.7. A hoton maikroskof ba a ganin komai sai tarin sanduna. Hujjar tana cikin awo biyu da aka jera, ɗaya da ginin, ɗaya babu shi.

Sauri ya wuce awo

Lissafi mai sauƙi zai nuna dalilin da ya sa ba a buga manyan abubuwa da wannan hanya. Idan kowane ɗigo nanomita 200 ne a faɗi da 500 a tsayi, cika murabba'in ƙwaya mai milimita ɗaya ta kowane gefe zai ci ɗigo biliyan 50. Ko da na'ura tana ajiye miliyan ɗaya a daƙiƙa, awa 14 ke nan. Mai santimita ɗaya zai haura shekara ɗaya da rabi. Masu bijimi tun da wuri suka gano wata dabara: a rubuta ɓawon waje kaɗai, a wanke, sannan a daskarar da ruwan da ya maƙale a ciki da fitila. A 2019 masu bincike na ɗakin gwajin Lawrence Livermore na Amurka da Jami'ar Sinawa ta Hong Kong suka nuna hanyar haska hawa guda ɗungurungum maimakon ɗigo-ɗigo, suka ce ta ninka saurin da aka saba har sau dubu.

Awo bai yi irin wannan tsalle ba. Jadawalin Raman ɗigo-ɗigo ake ɗaukarsa, hasken da ke dawowa kuma rarrauna ne, sai an jira. Burin da ake da shi yanzu shi ne a riƙa aunawa tun abin yana cikin ruwa, na'ura na kan rubutu, ta yadda za ta gyara kanta. A 2022 rukunin Wegener na Karlsruhe ya gwada haka da irin na'urar da likitocin ido ke ɗaukar hoton bayan ido da ita, wadda aka ƙirƙira a cibiyar MIT ta Amurka a 1991. Wahalar ita ce daskararriyar roba da ɗanyen ruwan da ke kewaye da ita kusan daidai suke lanƙwasa haske, bambancin 'yan kashi ne cikin ɗari, don haka iyakar da ke tsakaninsu ɗan haske kaɗan take mayarwa. Ko an ga iyakar ma, abin da aka auna a cikin ruwa bai riga ya sha wanki da bushewa ba, kuma a can ne mafi yawan ƙanƙancewar ke faruwa. Dole sai an haɗa awon cikin ruwa da lissafin yadda kowane irin ruwan roba ke ja da baya idan ya bushe, lissafin da ke canzawa da siffar abin, da ƙarfin lezar, da ma tsawon zaman da kwalbar ruwan ta yi a ɗaki.